Ranar da Ruwa Ya Zo Hancin Kogi Babu Hadari

Wannan abu ya faru ne bayan an canja kuɗi, lokacin da tsofaffi ke ta juya sabuwar takarda suna tambayar ina sule ya tafi. Farin nan da ya sa Fulani suka riƙa ba da saniya a kuɗin akuya ya wuce da damina ɗaya ko biyu. A shekarar ne kuma rimin bakin kasuwarmu ya faɗi da rana tsaka, babu iska, ya danne rumfar mahauta. Duk wanda ya san faɗuwar rimin nan ya san lokacin da nake nufi. Wanda bai sani ba, ya riƙe cewa haihuwata biyu a lokacin, ƙafata kuwa ba ta san gajiya ba.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne tifofin nan. Kullum tun kafin a sha koko nake jin rurinsu, su wuce ta bayan katangarmu wayam, su dawo da yashi yana ɗigar ruwa, a kai birni a yi bene. Na tsayar da wani direba na ce daga ina kuke ɗiba? Ya ce, "Can ƙasa ne, Iya, wani fili ne kawai." Fili kawai! Wurin yana da suna tun kakansa bai iya ɗaura wando ba. Hancin Kogi ake ce masa, kuma duk mai son ganinsa ya yi sauri, don a kan mota ake kwashe shi kullum.

In ka sauka a Kura, ka hau babur ka kama hanyar Bunkure. Kada ka yarda in ɗan acaɓa ya ce ya san wurin, bai sani ba, inda ake lodin yashi zai kai ka ya juya. Ka ce ya bi gefen kanal, ruwa yana hannun hagunku, har shinkafa ta ƙare ku shiga albasa da tumatir. Za ka ga giginya uku a jere, ta tsakiya ba ta da kai. Nan za ka sauka, daga nan sai ƙafa. Ka bi turbar awaki, ƙasa za ta yi ta matsewa, kogi a dama, kogi a hagu, har ka zo inda muke kira Wuya, inda jaki biyu da mangala ba sa gittawa sai ɗaya ya ja da baya. Kana wuce Wuya sai ƙasa ta sake buɗewa ta yi tudu, ga ɗorawa, ga gawo, ga gamba har ƙirji. Ka shiga Hanci ke nan. Kogin ya naɗe shi ta gefe uku, hanyar da ka shigo ita ce kaɗai hanyar fita. Babu kanti, babu mai shayi, wayar hannu ma an ce ba ta kamawa. Ka riƙo ruwanka da abin da za ka ci, kuma ka je da hantsi, domin in rana ta take, yashin nan yana soya tafin ƙafa ko da takalmi.

Bakin ruwa uku ne a wurin, kowanne da halinsa. Na gabas yashinsa garas-garas ne, da ƙananan duwatsu, ba wurin zama ba ne, wurin aiki ne. Na yamma rairayi ne mai laushi, fari kamar garin rogo, inuwar gawo tana sauka a kansa da la'asar, in ka kwanta ba abin da za ka ji sai kukan kurciya da numfashinka. Na ukun yana can ƙarshen Hancin. In ka tsaya a nan za ka ga wani kwari ya ratsa a gabanka, bayan kwarin kuma wani shimfiɗaɗɗen rairayi a tsakiyar kogi, shi muke kira Tabarma. Ban ga wurin da ya kai shi kyau ba, kuma na je Kano, na je Zariya. Sai dai kafin ka tsallaka kwarin nan, ka tambayi masu noman rani ko an sako ruwa. Ka tambayi mutum mai baki. Kada ka dubi sama. Mu sama muka duba.

Ku 'yan yanzu kun tashi kun ga ruwa yana gudu a kanal watan azumi da watan layya, rani da damina, kamar haka Allah ya ajiye shi. Mu ba haka muka san kogi ba. Da damina ya zo da fushinsa, ja wur, ya ci gaɓa ya ci gona. Da kaka ya fara ramewa. Kafin zafi ya shigo ya mutu murus, ya bar yashi, sai ka tona rami tsawon hannu ka zauna ka jira ruwa ya tsattsafo, ka kwarfa da ɗan ƙoƙo. Uwar mijina, wadda duk gidan ke kira Inna, ita ce mai duba mana sama. Takan fito da safe ta tsaya a ƙofar gida, hannu a ƙugu, ta dubi gabas, ta shanshana iska, ta ce yau a je kogi, ko ta ce yau kada wanda ya kusanci gaɓa, an yi ruwa a sama can. Shekara da shekaru ba ta taɓa kuskure ba. Maza ma ita suke tambaya kafin su tsallaka da shanu. Gidanmu a lokacin gidan Maguzawa ne, mata ba ma kulle, gona da kogi da kasuwa duk namu ne, kuma a cikin matan nan kaf babu mai ɗaga murya a kan ta Inna.

Aikin da ke kai mu Hanci da zafi shi ne wankin kalwa, ƙwayar ɗorawa da ake daddawa da ita. A dafa ta a gida har ta yi laushi, mu ɗauko a masaki, wasu su ɗauko turmi da taɓarya, mu sauka a yashin gabas. A zuba kalwa a turmi, a watsa mata yashin nan mai kaushi, a yi ta sussuka har ɓawon ya saɓule. Daga nan sai a kai bakin ramin da aka tona, a zuba a gwagwa, wata ƙwarya mai huji-huji, ana kwara ruwa ana murzawa, ɓawo yana tafiya, kalwa tana fitowa fes. Har yanzu in na rufe ido ina jin lugude yana amsawa daga waccan gaɓa, da warin kalwa, da ihun matan da aka watsa wa ruwa a baya. Yau a inji ake komai, miya kuwa da ɗan dunƙulen kanti ake kaɗa ta, shi ya sa ba ta kama harshe.

Sai in gaya muku maganar yarinyar, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane abin da ya riƙe mini ƙafa ba. Ita ce 'yar farina. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wasa. In ya faɗi ya fasa baki, ki kau da kai, wata ta ɗaga shi. Wadda ta yi akasin haka an gama da ita, har jikokinta sai an yi musu gori. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, a ɗakinta take kwana, a ƙwaryarta take ci. Shekararta huɗu a lokacin da nake ba ku labari, ba ta san ni ce na haife ta ba. Tana ganina kamar sauran matan gida, wata mai tsare fuska da ba ta taɓa ce mata zo ba. Ni kuwa ina alfahari da hakan. Ana misali da kunyata a unguwa. Ƙaninta da ke bayana ina yi masa rawa ina yi masa kirari, ita kuwa sai dai in saci kallonta ta gefen ido in tana cin abinci.

Ana gobe za mu je wankin kalwa, mai shela ya zaga gari. Ya ce mai unguwa yana gaishe ku, ya ce masu madatsar ruwan da aka gina can sama sun aiko, gobe za su buɗe ƙofa su sako ruwa, kowa ya janye dabbarsa da yaransa daga cikin kogi. Mutumin nan ya yi aikinsa, ban ɗora masa laifi ba, su ma sun aiko. Mu ne muka yi dariya. Yayar mijina, Yaya Talatu, har da riƙe ciki. Ta ce, "Ƙofa! Kogin ɗaki ne da za a yi masa ƙofa? To su ba mu aron mukullin mu wanke kalwa." Kalwa kuwa tana kan wuta, in ta wuce ranarta ta lalace. Da safe Inna ta fito ta dubi gabas, ta dubi kudu. Sama fayau, ko gajimare ɗaya babu. Ta ce, "Ruwa daga sama yake zuwa. Ku ɗauki kayanku."

Mu tara muka je, ban da Inna da yarinyar. Muka kafa turame a ƙarshen Hanci, kusa da bakin kwarin, don a nan ruwan rami ya fi saurin tsattsafowa. Inna ta ja hannun yarinyar suka tsallaka kwarin, busasshe ƙamas, suka hau Tabarma, ta shanya zannuwanta a can. Da hantsi ya ɗaga sai ta tuna ta bar tabarta a gindin gawo, can wajen Wuya. Ta bar yarinyar tana tara bawon katantanwa, ta wuce mu tana cewa yanzu za ta dawo. Daga inda nake durƙushe ina hango ɗan kan yarinyar a tsakiyar farin rairayi, kamar ƙuda a faifai.

Ni na fara gani. Ramin da nake kwarfa, wanda sai na jira shi, sai na ga ya cika da kansa. Na kwashe, ya sake cika kafin in ajiye ƙoƙon. Na sa hannu, ruwan sanyi ƙarara, ba irin ɗumin da muka sani ba. Na ɗaga kai na dubi sama. Babu komai. Na ci gaba da murza kalwa. Can sai tsuntsayen da ke kiwo a yashin sama suka tashi gaba ɗaya, suna kuka, suka wuce ta kanmu.

Na ce, ba tare da na ɗago ba, "Yaya, Inna ta bar kaya a Tabarma."

Yaya Talatu ta tsayar da taɓarya. Ta dubi Tabarma, ta dube ni, ta yi wani murmushi. "Wane kayan? Zannuwan, ko kayan nan mai ƙafa biyu?" Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "A'a, yau mai kunya ta yi magana!" Na sunkuyar da kai. Na matsa kusa da ƙawata Kande, wadda muka taso tare, na ce mata ƙasa-ƙasa, "Don Allah je ki ɗauko ta." Ta ce, "Bari in ƙarasa wannan gwagwar. Me zai cinye ta, rairayi?"

Sai muka ji ƙarar. Ba ƙara mai ƙarfi ba ce, kamar ana zazzage gero daga buhu a nesa. Lugude ya tsaya. Ku ji abin da mata tara masu hankali suka yi: dukanmu muka ɗaga kai sama, muna neman hadari. Muna nan baki sake muna kallon sama, ruwan ya shigo kwarin ta ƙasa. Siririn abu ne da farko, kamar an kifar da tulu, yana tura kumfa da karmami da busasshen kashin shanu a gabansa, yana tafe a hankali kamar mai neman hanya. Yaro ma zai tsallake shi. Da a lokacin na tashi, da ko zanena ba zai jiƙe ba. Ban tashi ba. Na tsaya ina jiran wata ta tashi, su kuma suna jiran Inna ta zo ta gaya musu mene ne wannan. Yaya Talatu tana ta faɗin, "Zai wuce, ai babu hadari, zai wuce." Ina kallon wani dutse a tsakiyar kwarin. Ruwa ya taɓa gindinsa. Ya kai rabinsa. Ya rufe shi.

Ban san lokacin da na kwance goyo na dangwara wa Kande ba. Na faɗa kwarin, ruwa a gwiwa, sanyinsa kamar ana yanka ni. Daga can gefen Tabarma ma ruwa ya zagayo, rairayin yana ta ƙanƙancewa, yarinyar kuwa ta juya mini baya tana jera katantanwarta, tana matsawa can ƙarshe inda ya fi gangara. Na ce, "Ke! Ke yarinya!" Ba ta waiwayo ba, yarinya ai kowa ce. Sai na buɗe baki, a gaban yayar mijina, a gaban matan gidanmu, na kira sunanta. Sau uku na kira, da muryar da aka ce har masu kiwo a waccan gaɓa sun ji.

Ta waiwayo. Ta ga matar nan mai tsare fuska ta taho a guje, ba ɗankwali, ido waje. Sai ta tsorata ta ruga, ba wajena ba, wajen ruwa, tana ihu, "Inna! Inna!" Na bi ta a kan rairayin da ya fara zama kunu, ƙafa tana nutsewa. A bakin ruwa na cafko damtsenta. Na saɓa ta a kafaɗa tana harbi, ta kafa mini haƙora a nan, ga tabon har yau. Ban taɓa sanin nauyinta ba tun da aka yaye ta. Abin da ya zo mini ke nan a tsakiyar wannan tashin hankali, ashe haka ta yi nauyi.

Da na juyo, kwarin da na tsallako ba shi ba ne. Ya zama kogi, ja, yana murɗawa, ga masakinmu guda yana juyi a kansa ya wuce da kalwa. Na shiga. Cinya, ƙugu, ƙirji. Mugun abin ba zurfin ba ne, yashin ne, duk inda na dasa ƙafa sai ya narke ya gudu daga ƙarƙashina. Na ɗora ta a wuya na riƙe ƙafafunta da hannu ɗaya, ita kuma ta damƙe gashina. Ruwan yana ja na ƙasa, na ga inda na nufa yana wuce ni. Na ji Yaya Talatu tana ihu, "Taɓarya! Ku miƙo taɓarya!" Ita ce ta shigo har ƙugu, wata ta riƙe ta ta baya, wata ta riƙe waccan, har kan gaɓa. Ta miƙo. Na kai hannu, ya zame, don santsin kalwa. Wani reshe ya bugi haƙarƙarina, na sha ruwa, yarinyar ta yi shiru, shirun nan kuwa ya fi ihun tayar mini da hankali. Yaya ta ƙara taku ɗaya, ta ce, "Kama, don ubanki, kama!" Na kama. Suka ja mu kamar ana jan saniya daga rijiya.

Ina kwance a gaɓa ina aman ruwa, yarinyar tana ƙanƙame a ƙirjina, ni ma na ƙanƙame ta, na kasa saki. Na waiwaya, babu Tabarma, babu zannuwan Inna, babu turmi biyu. Sai na ɗago ido. Inna ce tsaye a kanmu, da kullin tabarta a hannu. Tun daga Wuya ta jiyo kiran, babu yadda za a yi ba ta ji ba. Ta daɗe tana kallon ruwan. Ta ɗaga kai ta dubi sama sau ɗaya, ta sauke. Ni kuwa a lokacin ne abin da na yi ya dawo mini, na ji da ma ruwan ya tafi da ni. Na san gobe a bakin kowace rijiya za a kwaikwayi muryata.

Inna ta sunkuya ta zare yarinyar daga hannuna, ta shafa ta tun daga kai har ƙafa, ta goya ta. Sannan ta juya ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a kan 'yarta.

"Talatu, kin ji wani ya kira wani a nan?"

Yaya Talatu tana ɗigar ruwa, tana haki. Ta ce, "Ni ban ji ba, Inna."

"Kande?"

"Ƙarar ruwa ce kawai, Inna."

Inna ta ce, "Ni ma ita na ji." Ta cire mayafinta ta jefo mini a kai. "Rufe kanki, 'yar nan. Tashi mu tafi."

Mata takwas, kowacce da bakinta, har da waɗanda ba sa iya riƙe zance daga ɗaki zuwa madafa, amma maganar nan ba ta taɓa fita ba. Inna kuwa daga ranar ba ta sake tsayawa a ƙofar gida ta ce a je kogi ko kada a je ba. In an tambaye ta sai ta ce a tambayi mai shela.

Inna ta rasu shekarar da aka fara shuka alkama a bayan gari. Yaya Talatu ta bi ta ba da daɗewa ba. Mijina ya tafi, mai shelar ya tafi, sauran matan duk na raka su ɗaya ɗaya. A cikin waɗanda suka tsaya a gaɓar nan, Kande ce ta rage, tana Madobi wajen ɗanta, ido ya tafi amma baki yana nan. Sai ni. Sai ita yarinyar, tana aure a Kumbotso, da jikokinta bakwai, takan zo duk sallah ta kawo mini atamfa ta zauna a bakin gadona. Ta ce ba ta tuna ruwan, ba ta tuna cizon. Ran nan tana matsa mini ƙafa ta ce, "Iya, ni kuwa kin taɓa kiran sunana ko sau ɗaya?"

Na ce, "Je ki tambayi Kande."

Ta je har Madobi ta tambaya. Kande ta ce ita ƙarar ruwa kawai ta ji.